Gorunan Don Crisanto

Shekara arba'in Don Crisanto Ovelar, mai aski a Concepción, yana tara gorunan ruwan sojojin da ƙishirwa ta kashe a yaƙin Chaco. Kowace gora ya manna mata sunan mai ita, don ya bar wa zuriyar kowa tasa a wasiyya.

Ranar da lauya ya zo, aka tarar zafi ya ɓanɓare takardun sunayen duka. 'Yarsa Fidelina ta tsince su ta zuba a gwangwani.

"Baba, ai ka san su kamar yunwar cikinka. Wannan ta wa ce?"

Tsohon ya juya gorar, ya sake juyawa.

"Ke, kar ki dame ni! Bara ma na sani."

Lauya ya gaji da jira, ya rubuta: tsofaffin goruna, sittin da uku.