Tantabarun Baba

Lokacin da aka rushe unguwarmu ta Zangouettin, mahaifina bai fita da wani abin kirki ba sai huhun goro biyu da tantabarunsa. A gidan da muka koma, tun kafin a sa wa ɗakuna ƙofa ya riga ya gina musu akurki a jikin bango. Ni ban taɓa son su ba, ƙazantarsu ta ishe ni, amma wa ya isa ya faɗa?

Da aurena ya mutu na dawo gidan da 'yata, aka ba mu ɗakin da ke jikin akurkin. Tana da shekara shida fuka ta kama ta. In ta yi ɗan gudu sai ka ji ƙirjinta yana ƙara kamar usur. Mun ba ta zuma, mun ba ta habbatus sauda, an yi tofi, abu sai gaba yake yi. Na ɗora ta a babur muka nufi asibiti.

Likitar ta ce a ɗebi jini. Har haushi na ji, ciwo yana ƙirji, me ya kawo jini? Da sakamako ya fito ta zaunar da ni, tana Faransanci tana haɗawa da yaren Mosi don in gane. Ta ce a cikin jini akwai ƙwayoyi masu tsaron jiki. Na 'yata sun yi yawa, sun ɗauki wani abu da take shaƙa abokin gaba, kuma faɗan da suke yi da shi ne ke kumbura mata hanyar numfashi. Gwaji na biyu ya nuna abin: gashin tsuntsu da ƙurar kashinsa.

Kwana huɗu takardar tana cikin jakata, na rasa yadda zan gaya wa Baba. Ranar da na daure, bayan la'asar ne, yana watsa wa tantabarun dawa. Bai ko kalle ni ba.

"Jinin ne ya ce haka?"

"Shi ne, Baba."

Washegari ya kwashe su ya kai wa wani abokinsa a bayan gari, ya rushe akurkin. Kwana uku sai ga su jere a kan bangonmu. Ya sake kaiwa, suka sake dawowa. Na zaci zai ce ikon Allah ne, a ƙyale su. Sai ya ɗaura tsumma a kan gora, ya zauna a tsakar gida, duk wadda ta sauka ya kore ta. Mako biyu yana haka, ko ƙwayar dawa bai ba su ba, mutumin da yake kiran kowace da sunanta. Ni da na tsane su sai da na yi kuka a ɗakin girki.

Bayan 'yan watanni aka sake ɗibar jini, ƙwayoyin sun ragu sosai. Likitar ta ce ba warkewa ce ɗungurungum ba, maganin shaƙa yana nan a jakar makarantar 'yata har yau.

Wata rana yarinyar ta shigo da gudu tana haki, yara na kiran ta daga waje. Baba ya miƙe a firgice, ya riƙe ta, ya kara kunnensa a bayanta ya daɗe yana saurare.

"Wannan hakin gudu ne," ya ce mini. "Bar ta ta koma."