Rigar Hana Nutsewa a Cikin Duronmu

Tun ranar da Yayata ta fara maganar jirgin ruwan nan nake tsoron abu ɗaya: 'yata ta suɓuce mini a tsakiyar teku. Lokacin ba ta cika shekara uku ba, kuma irin yaran nan ce da in ka waiwaya ka juyo sai ka same ta a kan tebur. Ni kuwa a unguwar Nakkasa ta Makka aka haife ni, a kan dutse, ruwan da na sani shi ne na bokiti. Ko Jidda muka je shan iska, daga bakin titi nake kallon teku, hannuna riƙe da wuyan rigarta.

Yayata tana aure a Kanada, mijinta yana aiki a wani gari na bakin teku can arewa. Shi ya yi ta fama da takardunmu har aka ba mu izinin ziyara bayan ƙaramar Sallah, ni da maigidana da yarinyar. Wata rana da la'asar ta kira ni a waya ta bidiyo, ina yankan albasa a gidanmu na unguwar Hindawiyya, inda muka koma bayan an rushe unguwarmu.

"Ajiye wuƙar nan ki duba," in ji ta.

Ta turo hoto. Wani farin dutse ne zaune a kan ruwa, ya fi benen da muke ciki tsawo, gefensa shuɗi kamar an wanke shi da bula.

"Ƙanƙara ce," ta ce. "Daga can sama take ɓallowa ta biyo ruwa. Ana shiga jirgi a je kusa da ita. Kuma a daidai lokacin da za ku zo ne kifin Annabi Yunusa yake fitowa."

"Yaya, wanda ya haɗiye shi?"

"Jikokinsa dai."

Wallahi na rasa inda zan sa kaina don murna. Da albasa a hannuna na haura sama na sauko ƙasa, ina ƙwanƙwasa ƙofofin maƙwabta ina nuna musu wayar. Matan benenmu suka taru a falonmu. Wata tsohuwa 'yar Cadi, wadda muke ce wa Hala, ta daɗe tana kallon hoton, ta ce a tambayi Yaya ko dutsen yana da mai shi.

"Don me, Hala?"

"Ke ba ki da lissafi. A jawo wannan a ajiye a Muzdalifa lokacin Hajji, wa zai ƙara sayen ruwan wani?"

Innata ta yi dariya har da tari, don da ita da Hala sun yi shekaru suna sayar wa alhazai ruwan sanyi, kuma kullum kukansu ɗaya ne, ƙanƙara ta narke kafin motoci su iso.

Makonnin nan ban yi maganar komai ba sai ta kifi. Na sa maigidana, direban tasi ne, ya kai ni kasuwa neman kayan sanyi a tsakiyar zafin Makka. Mai shagon ya tambaye mu ko Ɗa'if za mu, garin sanyin nan na kan duwatsu, na ce masa inda za mu ko Ɗa'if sai ta nemi bargo. A gida nakan sa wa yarinyar hula da safa biyu, in ƙure na'urar sanyaya ɗaki, in ce muna koyo. Da dare kuma in kwanta in ga kaina a jirgi, sai in ga hannuna babu kowa.

Amma ina da dabarata. Zan goya ta. Zani mai ƙarfi, majanyi a kai, in ɗaure tamau. Da goyon nan na yi ɗawafi a cikin cunkoson goman ƙarshe na azumi, ko takalminta bai faɗi ba.

Da na gaya wa Yaya, sai ta ce, "Ba a goyo a jirgin."

"Wa ya ce?"

"Masu jirgin. Kowa sai ya sa rigar hana nutsewa, har jarirai da tasu."

"To ni na sa rigar, in goya ta a kai."

"Ƙanwata, saurare ni. Rigar nan in kin faɗa ruwa, rigingine take juya ki, fuskarki sama. To wanda ke bayanki yana ina?"

Na ga abin a idona sarai, ni ina shaƙar iska, ita tana ƙarƙashina a ɗaure da ɗaurin da na yi da hannuna.

"Ko ki yarda da rigar," in ji Yaya, "ko ku zauna a bakin ruwa ke da ita, mu mu je mu ɗauko miki hoto. Ki faɗa mini kafin in kama mana wuri."

Hoto kuwa ai ina da shi a waya. Ni kifin nake so in gani da idona, kuma ban iya tunanin miƙa 'yata ga wata rigar soso ba.

Ranar da maigidana ya kai fasinja Jidda sai ga shi ya dawo da 'yar riga ruwan goro, mai igiyoyi da wani madauki a bayan wuya. Na matsa ta, ba nauyi, kamar matashin kujera.

"Wannan ce za ta riƙe mutum?"

Inna ta karɓa ta jujjuya. "Ko tukunya ka saya sai ka zuba mata ruwa ka ga ko tana yoyo. A cika duro."

Muna da babban duro shuɗi a saman bene, wanda muke tara ruwa a ciki saboda ranakun da ake ɗaukewa. Bayan la'asar muka hau, ni da Inna da maigidana da Hala, wadda ba a gayyace ta ba. Na ce ba za a fara da 'yata ba. Aka ɗauko ƙaramin buhun shinkafa mai kamar nauyinta, aka naɗe shi da leda, aka sa masa rigar, aka ɗaure igiyoyin. Hala ta ce a yi masa bismillah. Maigidana ya sake shi a ruwa, ya nutsa kaɗan, ya taso yana lilo.

"Shinkafa ta tsira," in ji Inna. "Saura mai rigar."

Na sa hannu a duron na fizge. Duk wanda ya zauna a Makka da bazara ya san ruwan saman bene, shayi kawai za ka jefa. Maigidana ya sauka da gudu, ya dawo da ƙaton sandan ƙanƙara a kafaɗa, ya jefa a ciki. Muka tsaya muna kallo yana yawo, kansa kaɗan a waje, sauran duk a ƙasa.

"Ga dutsenki nan," ya ce. "An rage miki tafiya."

Da ruwan ya huce na sa wa yarinyar rigar. Na ja igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, na sake ja. Na ɗaga ta na tsoma, hannuwana a hammatarta. Ta ɗan ja numfashi, sannan ta hango ƙanƙarar ta fara miƙa hannu.

"Sake ta," in ji maigidana.

"To."

"Kin ce to, ba ki sake ba."

"Ina sakewa a hankali."

"Yarinya," in ji Inna, "ga ubanta, ga ni, ga duro iya ƙirjinki. In ba ki sake a nan ba, ina za ki sake?"

Na buɗe yatsuna. Rigar ta ɗan haura kunnuwanta, ta kwantar da ita baya, fuskarta tana kallon sama, ƙafafunta suna wutsil-wutsil ba su taɓa komai ba. Hannuwana suna nan a kan ruwan a buɗe, ba sa riƙe da ita, kuma ga ta tana numfashi. Ta ƙyalƙyale da dariya, ta kai wa ƙanƙarar mari.

Daga nan wuri ya rikice. Maigidana ya guntsi ruwa ya fesa sama, wai shi ne kifin. Hala ta ce kifin nan da gemu ya zo. Ni ina dariya ina hawaye, abayata ta jiƙe sharkaf, na ciro ta ta madaukin wuyan nan na mayar, na ciro na mayar, don kawai in ga ta taso. Da ƙyar aka raba ta da duron, sai da ƙanƙarar ta koma kamar sabulu.

Ban ko canza kaya ba na kira Yaya. "Kama mana wuri. Uku."

"Ke da goyonki?"

"Na kwance."

Mun je, mun shiga jirgin. Sanyin ya fi duk abin da na'urarmu ta koya mana. Bayan kifin kawai na gani da jelarsa, baƙi mai sheƙi, ya fesa ruwa ya koma, kuma yatsuna biyu suna cikin madaukin nan tun daga tashi har dawowa.

Ke da kike karanta wannan, in wata rana za ki shiga jirgin ruwa ko kwalekwale da ɗanki, don Allah ki sauke shi daga bayanki, ki sa masa rigarsa. In zuciyarki ta ƙi, ki cika duro a gida ki gwada.