Si Bushaib da Burodin Lalla Zuhur

Da an sallame sallar asuba a tsohuwar unguwarmu ta Azammur, za ka ga Si Bushaib ya turo keken nan nasa mai kuka, ya nufi gida mai shuɗiyar ƙofa. Maza shida ne a gidan, duk manya, duk masu larurar ƙwaƙwalwa, wata ƙungiyar jinƙai ce ta kama musu shi. Da ya karɓi aiki daga hannun mai kwana da su, sai ya fara duba tukunyar gas. Daga nan ya bi ɗakuna yana ƙwanƙwasa ƙofa, kuma ba ya shiga sai an ce ya shigo, ko da zai yi tsayuwar rabin sa'a. Ya kwaɓa burodi, ya haɗa shayin na'ana'a, kowa ya haɗiye maganinsa a gabansa ana hira. Kwaɓi na tashi, ɗaya daga cikinsu mai suna Larbi zai ɗora katakon da aka jera burodin a ka, ya kai gidan gashin Malam Hammu, inda kowane gida a unguwar ke kai nasa. Shekara ashirin da huɗu Si Bushaib yana wannan aiki, Juma'ar da ta wuce ya ajiye.

Masu yabonsa suna da yawa, amma yabon masoyi ba shi da wuya. Shaidar da ta fi nauyi ita ce ta Lalla Zuhur, yayar Larbi, wadda ta shekara takwas ko sunansa aka kira sai ta taɓe baki.

Ita ta goyi Larbi, ita ta kai shi makaranta, har ya zama malamin lissafi. Da ciwo ya kama shi, dangi suka ba da shawarar a kai shi gidan wani mai magani a ƙauye, ta yarda. Shekara biyu ya yi a can da sarƙa a ƙafa. Da aka ɗauko shi aka kawo gidan nan, kunya ta hana ta zuwa har shekara uku. Ranar da ta daure ta zo daga garin Jadida, inda take zaune, da akushin kuskus, ta tarar da ƙaninta ya yi ƙiba, an yi masa aski, yana dariya. Ya kamata ta yi murna, kuma ta yi. Sai dai da ta ajiye masa abincin, bai sa hannu ba sai da ya dubi Si Bushaib. Ga shi kuma yana kiransa Yaya. Ita da ta wanke masa kashi yana jariri, Lalla Zuhur ya ce mata, da laƙabin girmamawa, kamar baƙuwa.

Tun daga ranar kishi ya zauna mata a ƙirji. Ba ta ɓoye ba, ba ta ma iya ɓoyewa ba. Ta ce shayinsa sukari ya yi yawa. Ta ce jallabiyar da ya zaɓa wa Larbi ta tsofaffi ce. Ta sa hannu a saman ƙofa tana neman ƙura, da ba ta samu ba, haushi ya ƙaru. A motar komawa gida takan zauna gefen taga ta yi ta tambayar kanta me wannan siririn mutum mai faci a gwiwar wando yake da shi da ita ba ta da shi. An ce naka sai naka, daɗin zama sai bare, to ita rabin farko ta haddace, rabin ƙarshen ne ke cin ta.

Bara waccan ta yi sammako, ta ci karo da Larbi a lungu da katakon burodi a kansa, yana gaisawa da mai kifi. Ta shiga gidan a fusace, ta ce ɗan gidansu, malamin makaranta, ba zai zama ɗan aiken kowa ba. Daga yau mai shago zai riƙa kawo musu burodi gasasshe. Si Bushaib ya bari ta gama, sannan ya yi mata bayani a tsanake. Fitar nan ita ce ma'auninsa. Idan Larbi ya wuce mai kifi bai gaishe shi ba, ko ya tsaya yana magana da bango, kafin burodi ya gasu Malam Hammu ya aiko masa da labari, shi kuma ya kira likita tun abu bai yi nisa ba.

"Lalla, mutumin da ake jiransa kowace safiya ba ya saurin ɓacewa," in ji shi.

"Kai ma'aikaci ne, ni ce 'yar'uwarsa. Ya sake ɗaukar katakon nan, in tafi da shi gidana."

Kowa ya san gidanta bene ne hawa huɗu, kuma tana wuni wurin aiki. Tafiya da shi na nufin kulle shi a ɗaki. Si Bushaib ya tambayi Larbi abin da yake so, Larbi ya sunkuyar da kai ya ce duk yadda Lalla ta ce.

Kwana tara aka yi ana cin burodin shago. Larbi ya daina saukowa da wuri, ya daina amsa ƙwanƙwasa sai a karo na uku. Ashe ƙwayoyin maganin ma a ƙarƙashin harshe yake riƙe su, ya je ya binne a tukunyar na'ana'a da ke saman soro. Rana ta tara da hantsi, matan maƙwabta masu shanya suka gan shi ya haye katangar soron, ya riƙe ƙarfen da aka kewaye ta da shi, yana cewa ana kiransa daga kogin garin. Ƙarfen nan kuwa Si Bushaib ne ya shekara biyu yana damun shugabannin ƙungiya har suka sa shi don su huta da nacinsa. Matan sun ce da Si Bushaib ya hawo soron bai yi gudu ba, bai yi ihu ba, bai kai hannu ya cafke shi ba. Sauka ya yi ya ɗauko katakon, ya jera ɗan kwaɓin da ya yi don abincin rana, ya hawo ya ajiye a ƙasa, ya zauna kusa da shi.

"Larbi, kwaɓi zai yi tsami. Ni kuma bayana ya riƙe, ba zan iya kaiwa ba."

Sun fi rabin sa'a a haka, sannan Larbi ya sauko ya ɗauki katakon. A ranar Si Bushaib ya kira likita, ya kira Lalla Zuhur, kuma a rahoton da ya rubuta ya sa cewa shi ne bai lura da maganin da wuri ba. Ba wanda ya tambaye shi wannan.

Ta iso da jakar kwashe kaya. A hanya ta shirya maganganun da za ta yaɓa wa Si Bushaib, ɗaya bayan ɗaya. Bai kare kansa ba. Roƙonta kawai ya yi ta kwana a garin, da safe ta raka ƙaninta gidan gashi sau ɗaya, in ta dawo ta yi abin da ta ga dama. Da gari ya waye ta bi Larbi a baya da fuska a murtuke. Da Malam Hammu ya fito da burodin, ya ware guda ɗaya ya ɗora a kan tebur. Kowane gida na da shaidar da yake yi wa nasa don kada a cakuɗa, na gidan masu shuɗiyar ƙofa tsaga ɗaya ne. Wannan kuwa tambarin yatsu uku ne a jere, shaidar marigayiya mahaifiyarsu, ita da Larbi.

"Ai naki ne, Lalla," in ji Malam Hammu. "Tun makon da aka kawo Larbi. Si Bushaib ya tambaye shi wa yake da shi a duniya, ya ce yayarsa. Shi ne Si Bushaib ya ce kullum Larbi ya riƙa yi miki ɗaya. Nakan ajiye har la'asar, in ba ki zo ba in ba mabuƙaci. Kwana taran nan ne kawai aka yi fashi."

Ta karɓa yana da zafi, ta yi kuka a gaban masu jiran layi. Kada ka ɗauka kishin ya tafi. Da ta share hawaye, abin da ta fara faɗa shi ne, "Har wannan ma ta hannunsa ya biyo." Amma jakar, wayam ta koma da ita Jadida.

Si Bushaib, kai ne mai ƙwanƙwasa ƙofar da wasu ke sa wa kwaɗo. Kai ne aka kira ma'aikaci don a ƙasƙanta ka, ka amsa sunan ka ci gaba da aikin. Shekara uku kana ajiye wa mace wurinta a zuciyar ƙaninta, ba ka taɓa ganin fuskarta ba, da ta zo kuma ta saka maka da harara, ba ka buɗe baki ka gaya mata ba.

Ranar sallamar Si Bushaib daga aiki, Lalla Zuhur ta zo tun da safe, ta naɗe hannun riga ta ce a matsa mata a wurin kwaɓi, ai ba a gidan nan aka ƙirƙiro burodi ba. Rabonta da kwaɓi ya kai shekara ashirin, ruwa ya yi mata yawa. Larbi ya tsaya a kanta yana kallo, can ya girgiza kai.

"Yaya, ba haka Inna take yi ba. Kawo ki gani."

Ita yake kallo. Si Bushaib ya juya ya shiga hidimar butar shayi, wadda ba ta ma tafasa ba.

Mun gode, Si Bushaib, Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya saka maka da abin da ba mu iya biya. Ku kuma da za ku karɓi irin waɗannan gidaje, a nan ko a wani gari, ku yi koyi da shi: ku ƙwanƙwasa kafin ku shiga, ku ba kowa abin da zai fita dominsa da safe, in kun yi kuskure ku rubuta da hannunku. Dangi ma kada a bari kunya ta hana zuwa. Lalla Zuhur ta ce a gaya maka ta gode. Ta ce har yanzu tana jin haushinka, kuma kada ka kuskura ka fasa zuwa cin kuskus ranar Juma'a, don Larbi zai tambaya.