Takalmana a Ƙofar Ɗaki

Ni dai shiru ne ya kai ni Bungudu. Aikina a kwamfuta yake, ina gyara rubuce-rubucen wani kamfani da ban taɓa taka ofishinsa ba, kuma a Tudun Wadar Gusau inda muka fara zama ƙarar janareto da ta 'yan babur ta kusa zautar da ni. A Bungudu na samu gida mai zaure da tsakar gida, na ɗora sola a kan rufi, ga famfo, ga sabis ɗin waya ba ya yankewa sai jifa-jifa. Abin da babu a kasuwar garin, in hau babur in je Gusau in dawo kafin azahar. Duk abokin da ya kira ni sai na cika masa kunne: "Kai, zo ka ga gari! Ko sallama ba ka ji."

Da bakina nake faɗin haka, har da alfahari. Ko sallama ba ka ji.

Matata 'yar Zariya ce, ba ta da kowa a nan sai ni. Ni kuwa daga na karya kumallo na shige ɗakin aiki, na bar takalmana a bakin ƙofa, babur a zaure, sai salla ke fitar da ni. Ita tana tsakar gida ita kaɗai kamar mai gadi. Da ta ce min har yanzu ba wata maƙwabciya da ta zauna a gidanmu, sai na hau faɗa. Na ce mutanen garin nan ba su da zumunci, su riƙe gaisuwarsu, ba ita za mu ci ba.

Ta dube ni ta ce, "Suna zuwa. Suna ganin babur a zaure da takalmanka a ƙofa, sai su gaishe ni a tsaye su juya. Wace mace ce za ta zauna ta sake alhali maigida yana ciki?"

Ni ɗan Zamfara, a irin wannan gida aka haife ni. Babana ba ya sake shigowa in ya fita da safe sai la'asar ta yi sanyi, gidan na mata ne da rana. Na san wannan sarai, amma ban taɓa kawo shi a kaina ba. Maimakon in ji kunya tun a lokacin, dariya na yi, na ce to ta ɓoye takalman mana. Na tura babur cikin ɗakin ajiya, ta jefa takalman ƙarƙashin gado, ta leƙa ta katanga ta gaya wa Inna, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, cewa na tafi Gusau. Ni na sa ta yi wannan ƙaryar, ina ganin dabara ce.

Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga su, Inna da surukarta da wata mai kitso. Ina ciki na ja labule, ina jin komai. Na ji an shimfiɗa tabarma, na ji Inna tana cewa kowa ta cire hijabinta ta sha iska, gidan ba kowa. Matata ta tsefe kanta aka fara mata kitso. Can sai na ji ta tuntsire da dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun muna Gusau. Hannuna ya tsaya a kan kwamfuta.

Har da ni aka taɓa. Surukar ta ce a gari ana cewa korata aka yi daga aiki, wasu kuma sun ce ciwo gare ni. Raina ya ɓaci, na ciji leɓe, ina ɓoye a gidana kamar ɓarawo.

Sai kwamfuta ta yi ƙara. Shugabar sashenmu ce ke kira, na manta ban rage sauti ba. Da sabo, kafin in yi tunani, na danna na amsa gaisuwarta da muryata ta namiji, garau.

Tsakar gida ta yi tsit. Sai kuma salati, da ƙarar kwano da aka yi tuntuɓe da shi, kowa na lalubar hijabinta. Na ji muryar Inna, ba ta ko ɗaga ta ba: "Ke ɗiyata, ba ke kinka ce muna ya tahi Gusau ba?"

Suka saka takalmansu suka nufi zaure.

Da suka fita na fito da zafina, ina cewa ai gidana ne, ba wanda zai hana ni magana a cikinsa. Sai na gan ta zaune a tabarma, rabin kanta a kitse, rabi a tsefe, tana tattara kofunan da ba a ko taɓa ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta zarge ni ba. Cewa kawai ta yi, "Yanzu ni ce maƙaryaciyar unguwa." Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan ajiye idona.

Da yamma na je na yi sallama a zauren Inna. Ta amsa daga bayan labule. Na ce laifina ne, ni na tsara, yarinyar ba ta da hannu. Ta ce, "Malam, namiji dai shina hita."

Washegari na saɓa jakar kwamfuta. Wani tela a bakin titi ya ba ni gefen benci da wurin jona caji, ga ƙarar keke, ga rediyo, ga masu zuwa neman ɗinkinsu suna faɗa. Duk hayaniyar da na gudo wa. Da zan fita na tayar da babur a ƙofar gida na bar shi yana ruri don duk layin ya ji. Matata ta biyo ni zaure ta ce, "A dawo lafiya." Sai a lokacin na lura tun zuwanmu garin ban ba ta dalilin faɗin haka ba sai can ba a rasa ba.

Su Inna ba su dawo a ranar ba, ba su dawo washegari ba. Kullum na shigo, ɗankwalinta a ɗaure tamau a kan kitson da ba a ƙarasa ba, ni kuma ba na tambaya.

Wata la'asar na dawo a gajiye, ina shiga zaure na hango takalman mata birjik a bakin tabarma, muryar Inna na tashi daga ciki. Na ja babur da baya a hankali ba tare da na yi sallama ba. Na zauna a kansa a waje, jaka a cinya, yunwa na cina, ina jira a gama kitson.