Goran da Ba Ya Ɗaukar Biyu

Kakata Dije ba ta yin tatsuniya sai tana bandar kifi. A ƙauyenmu na gefen Auyo, in ruwa ya janye daga fadama, mukan kewaye wutarta bayan magariba, hayaƙi na sa mu hawaye, ita kuwa tana juya tarwaɗa tana zolayata. Maigida take ce mini, wai mijin da ko ƙayar kifi bai taɓa kawo mata ba. Mace ce mai dariya, har yau ban ga wanda ya kai ta jin daɗin duniya ba. A wuyan hannunta na dama akwai wata faffaɗar munduwa da ba ta cirewa ko wajen wanka.

Akwai tatsuniya guda da ba ma so, amma duk shekara sai ta yi ta. Wasu 'yan mata ne biyu, ya da ƙanwa, mahara suka auka wa garinsu a kan dawaki. Suka ruga bakin kogi, lokacin yana cike, don su haye su shige ganuwar Haɗejiya. Gora ɗaya suka samu, irin wanda masunta ke kifa ciki a kai su bi ruwa, kuma kowa a ƙasarmu ya san mutum ɗaya yake ɗauka. Yayar ta hau, ƙanwar ta riƙe hannunta. A tsakiyar kogi goran ya karkata, ya fara shan ruwa. Sai yayar ta shiga ɓamɓare yatsun ƙanwarta ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar ta kafa mata haƙora a wuyan hannu, sannan ruwa ya tafi da ita.

A nan Kaka take tsayawa, mu kuma muna jiran sakayya. Wata rana na gaji na ce, "Kaka, me ya sami yayar? Kada ne ya cinye ta?"

"Ba abin da ya same ta, maigida. Ta yi aure, ta haihu, ta ci ta ƙoshi, ta ga jikoki."

Na ce ai wannan ba tatsuniya ba ce. Ta ci gaba da juya kifinta.

Har na tara gemu kafin ta kwanta ciwon ajali. Ta rame har munduwar ta zame zuwa gwiwar hannu. Na sunkuya zan ba ta ruwa, sai na ga tabon haƙora, ƙanana, na yarinya. Ta ga na gani, ba ta janye hannun ba.

Yanzu ni ma na tsufa. Nakan dubi zuriyarta, masu sallah, masu kyauta, waɗanda baƙo ba ya kwana da yunwa a gidansu, in tuna cewa da ta bar yatsun nan a hannunta da babu ko ɗayanmu. Na kasa tsine mata, na kasa wanke ta. Abin da ya fi tsorata ni, dariyarta ta gaske ce, ashe mutum na iya yin haka kuma ya ji daɗin tuwonsa. Mu ma ba mu fita daga laifi ba. Shekara da shekaru tana maimaita mana labarin nan, a cikinmu ba wanda ya taɓa tambayarta sunan ƙanwar.