Ranar Da Na Naɗa Kaina Injiniya a Gidanmu

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Dilimi, bangon ɗakin mahaifiyata ya tsage tun daga sama har ƙasa. Duk damina a tsorace muke kada ya faɗo mata. Kwatsam sai wata ƙungiya mai gina wa marasa hali gidaje ta zaɓe mu: su da bulo da siminti da kwano, mu da aikin ƙarfi. Kai, murna! Da gemuna na taka rawa a tsakar gida.

Aka sa gayya ranar Asabar, ga hadari ya fara haɗuwa kullum da yamma. Unguwa ta cika maƙil, mata na dafa gwate, maza na kwaɓa siminti. Ni kuwa na naɗa kaina injiniya, na ɗauki sanda na zana ɗaki, na zana bayi, ina ta ba da umarni.

Gini ya kai gwiwa sai maginin da ƙungiyar ta turo, wani dattijo Kirista, ya ajiye cebur.

"Oga, wannan bayi, wanda ya tsuguna gabas zai duba fa. Mama ba zai shiga ba."

"Haba Baba! Ni za ka koya wa alƙibla?"

Sai kawai ya nuna min masallacin bayan gidanmu. Na duba, na sake dubawa. Wallahi gaskiyarsa!

Mahaifiyata ta leƙo, ta ce, "Ɗan nan, in haka za ku bar shi, ku bar ni da tsagaggen ɗakina." Kuma na san ta, ba wasa take ba.

Nan fa aka kwashe da dariya, aka rushe, aka juya. Ni aka ɗora wa jigilar bulo, wai injiniya ya sauka daga mulki. Kwana uku muna fama, aka buga kwanon ƙarshe ana yayyafi, mata suka rangaɗa guɗa.

Tun daga ranar na daina raina idon maƙwabci. Mutumin nan bai taɓa sallah ba, amma ya zauna da mu Musulmi har ya san abin da zai hana tsohuwa kwanciyar hankali.

Da ta shiga sabon ɗakin, ta shafa bango, ta fashe da kuka. Na matso ina jiran albarka. Ta ce, "Matsa can, kira min Baban nan tukuna."