Buhun Goro a Hancin Bashe

Babanmu ɗan goro ne, jikan ɗan goro, kuma a ganinsa duk abin da Allah ya halitta, in ya ɗau zafi, jiƙaƙƙen buhu ne maganinsa. Haka yake yi wa goro, haka yake yi wa randa, haka ya yi mana muna yara in zazzaɓi ya kama mu. Ban taɓa zaton zai yi wa mota ba.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce, irin wadda mu a Wagadugu muke kira bashe. Da ita yake kai wa masu tebur goro a unguwar Tangin, ya dawo wa Inna da salak da kabeji daga lambunan bakin ruwa. Tun da aka rushe rabin unguwarmu ta Zango, abokan cinikinsa suka watse cikin gari, motar ce ta rage masa hanyar ganinsu. Yayata kuwa, babbarmu, ta daɗe tana cewa mota ta tsufa, a sayar, Baba ya zauna gida. Ya yi mata alkawari in ta sake lalacewa zai haƙura, don ya san ba ya iya wa bakinta.

Wata ranar Talata da bazara, wajen azahar, aka turo bashen har ƙofar gida tana huci. Ni ne makanike a gidan, shekara goma ina garaji, amma Baba bai taɓa yarda na taɓa masa ko tayar ba. A wurinsa har yanzu ni ne wanda ya kwance masa rediyo ya kasa haɗawa. Ranar dai babu yadda zai yi. Yaya ta fito da kujera ta zauna a inuwa, ta ce tana jiran hukunci.

Na bar inji ya huce, na murɗa makulli. Ya juya da ƙyar, ya tsaya. Batir lafiyarsa ƙalau, mai yana zuwa, wuta tana zuwa. Na zaro sandar awon baƙin mai, sai ga shi ya yi fari-fari kamar kunun gyaɗa. Na kwance buji, wato fulogi, biyu a jiƙe sharkaf. Ruwa ya shiga inda bai kamata ba, wato zafi ya ƙone shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Wannan kowane makanike ya san shi. Abin da ya ɗaure min kai shi ne dalilin zafin, don fanka tana juyawa, bel bai tsinke ba, lagireto ba ya yoyo.

Sai da na durƙusa a gaban motar na ga zaren buhu ya cika ramukan lagireto, ga igiya ɗaure a ƙarfen gaba, da irin ƙullin da duk Zango mutum ɗaya ne yake yinsa. Na ja Baba zaure na tambaye shi a hankali. Ya amsa da alfahari: tun da zafi ya shigo, kullum sai ya jiƙa buhun goro ya rufe mata hanci kafin ya fita, don ta ji sanyi. Ya cire shi ne da za a turo ta, kada ya yi datti.

Dariya ta taso min, na danne ta da ƙyar. Na bayyana masa cewa ta nan take shaƙar iska, kuma kafin ya kai unguwar Kamsogin da ke kusa da mu buhun ya bushe ya zama bargo. Wata guda ke nan yana toshe mata numfashi.

Ya ce, "Wato ni na yi mata?"

Na ce, "Baba, gyaruwa za ta yi, kwana biyu ne. Yaya kuwa sai in ce mata wata 'yar roba ce ta fashe."

Har ga Allah na so ya yarda. Tausayinsa ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Ya tambaye ni ko allurar agogon zafin inji ta nuna. Na ce dole ta nuna, ta kwanta kan ja. Ya gyaɗa kai, ya ce shi ya daɗe ba ya ganin allurar nan sosai, bai dai gaya wa kowa ba.

Muka fito. Yaya ta miƙe tana gyara mayafi, ta shirya jawabinta tsaf. Bai bar ta ta fara ba.

Ya ce, "Motar ba ta da laifi, kada wanda ya sayar da ita. Ni ne na tsufa."

Ya zare makullin daga motar, ya juyo ya miƙo min shi, ya ce ran Alhamis mutanen Tangin suna jiran goro, in na gama gyara in zo in ɗauke shi, shi zai zauna a gefe ya nuna min gidajen.